Shehu Malam Nasiru Kabara: Rayuwarsa Da Zikirinsa

Ina miƙa gaisuwar ban girma ga malamanmu waɗanda Allah Ya bar mana su da rai, tare da addu'ar rahama ga waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Haka kuma ina gaida 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai, na ajinmu da yayyenmu da ƙannenmu, duk inda neman abinci ya kai kowa.

Da kwamitin wannan mujalla ya nemi in rubuta tarihin wani babban mutum daga cikin magabata, ban yi dogon tunani ba na zaɓi Marigayi Shehu Malam Muhammadu Nasiru Kabara. Dalili kuwa shi ne wani sauti da na tabbata duk wanda ya kwana a ɗakunan kwanan makarantarmu zai iya tunawa da shi. A daren Juma'a, bayan an kashe fitila, musamman da hunturu lokacin da iska ke ɗauko sauti daga nesa, mukan jiyo bugun bandiri daga cikin gari tare da muryoyin mutane suna hailala. Wasunmu su ja bargo su rufe kai, wasu kuma su yi ta bi a hankali har barci ya sace su. Mu da muka fito daga ƙasar Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa, wannan sauti ba baƙo ba ne gare mu, domin mun baro irinsa a garuruwanmu. Amma malaminmu na Arabiyya, Allah Ya jiƙansa, shi ne ya fara sanar da mu cewa wannan bugu da muke ji yana da tushe, kuma tushen nasa yana wata unguwa mai suna Kabara, dab da gidan Sarkin Kano.

ASALINSA

Sunan Kabara ba a Kano ya samo asali ba. Kabara wani gari ne a bakin kogin Kwara, kusa da Tambutu, cikin ƙasar Mali ta yanzu. Daga can ne kakan kakannin gidan, wato Malam Umaru Kabara, ya taso ya zo Kano wajen ƙarshen ƙarni na 18, ya zauna yana karantarwa, har unguwar da zuriyarsa suka zauna ta ɗauki sunan garinsa. Saboda haka gidan Kabara gidan ilmi ne tun kafin jihadin Shehu Usmanu ya iso Kano.

An haifi Malam Nasiru a Guringawa, wani ƙauye da ke gefen birnin Kano, a zamanin mulkin Turawa. Mu mutanen kudancin Kano mun fi kowa sanin yadda wannan zamani ya fara, domin ta Bebeji rundunar Turawa ta biyo daga Zariya a 1903, ta fasa ƙofar garin, sa'an nan ta wuce ta ci Kano a farkon watan Fabrairu na wannan shekara. A cikin wannan hali Malam ya taso, wato lokacin da mulki ya fita daga hannun Musulmi, amma zaurukan malamai na birni suna nan cike da ɗalibai.

KARATUNSA

Bayan ya sauke Alƙur'ani yana yaro, sai ya shiga karatun littattafai a hannun malaman Kano. Babban malaminsa, wanda kuma ya rene shi, shi ne ɗan'uwan iyayensa Malam Ibrahim Natsugune, mashahurin malami kuma sufi wanda sarakunan Kano huɗu suka nemi shawararsa a kan al'amuran addini, wato Alu da Abbas da Usman da Abdullahi Bayero. A wajensa da wajen sauran malaman birni Malam Nasiru ya karanci fiƙihu da tauhidi da tafsiri da hadisi da nahawu da lugga da sauran fannoni. A hannun Natsugune ɗin ne kuma ya karɓi ɗariƙar Ƙadiriyya. Malam Natsugune ya rasu a 1941.

Ina so 'yan'uwa su lura da wannan tsari, domin shi ne ginshiƙin rayuwar mutumin. Sai da ya ƙoshi da karatu tukuna aka san shi da zikiri, kuma har ya koma ga Allah bai ajiye littafi ba. Ya shugabanci Makarantar Shari'a ta Shahuci a cikin birni, ya daɗe yana tafsirin Alƙur'ani a fadar Sarkin Kano cikin watan azumi, kuma da yawa daga cikinmu ta gidan rediyon Kano muka fara jin muryarsa. A farkon shekarun 1960 ya buɗe makarantar Islamiyya irin ta zamani a Gwale. Ya rubuta littattafai masu yawa da Larabci, na zube da na waƙe, sa'an nan ya fassara Alƙur'ani mai girma zuwa Hausa a wani aiki da ya sa wa suna Ihsanul Mannan.

ƘADIRIYYA KAFIN ZUWANSA

Ɗariƙar Ƙadiriyya ana jingina ta ne ga Shehu Abdulƙadir Jilani, wanda ya rayu a Bagadaza ya kuma rasu a can a 1166. Ta daɗe a ƙasar Hausa. Ana danganta shigowarta Kano da Shehu Magili, wanda ya zo a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wajen ƙarshen ƙarni na 15. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1817, Baƙadire ne, har ma jama'arsa Ƙadirawa ake ce musu.

Sai dai kuma a lokacin da Malam Nasiru ya taso, Ƙadiriyya ta zama ta manyan malamai da dattawa, kowa da wuridinsa a ɓoye cikin zaurensa, kuma ta rarrabu gida-gida. Akwai masu bin silsilar Shehu Usmanu, akwai Kuntiyya ta zuriyar Shehu Mukhtar Kunti na yankin Tambutu, akwai Ahlul Baiti, akwai kuma Sammaniyya wadda ta samo asali daga Shehu Muhammadu Samman na Madina, wanda ya rasu a 1775. Bandiri kuwa a wajen Larabawan Arewacin Afirka mazauna Kano aka fi saninsa, a unguwanni irin su Alfindiki. Manomin Kiru ko mai haƙar kuza a Riruwai ba shi da wata hanya ta shiga wannan sha'ani.

A daidai wannan lokaci ne kuma Tijjaniyya ta yi wani sabon yunƙuri a Kano, bayan haɗuwar Sarki Abdullahi Bayero da Shehu Ibrahim Inyas na Kaulaha a aikin Hajji na 1937. Cikin shekarun 1940 da 1950 zawiyoyi suka cika da matasa da 'yan kasuwa, ana wazifa da zikirin Juma'a a bayyane.

TAFIYE-TAFIYENSA

Malam Nasiru ya ɗauki aniyar haɗa rassan Ƙadiriyya wuri guda, kuma ya san ba zai iya ba sai ya riƙe izinin kowane reshe daga tushensa. A 1937 ya sami ijaza ta Sammaniyya daga Shehu Abul Hasan Sammani. A 1949 ya yi aikin Hajji, a kan hanyarsa ta dawowa ya biya ta Sudan, inda ya sadu da Shehu Muhammadul Fatih ɗan Shehu Ƙaribullah, halifan Sammaniyya na can. Sa'an nan a 1953 ya tafi Bagadaza, ya ziyarci kabarin Shehu Abdulƙadir, ya sadu da zuriyarsa masu riƙe da ɗariƙar, suka ba shi izini da jagoranci. Da ya dawo da wannan, sai malaman Ƙadiriyya na Kano da na sauran garuruwa suka yi ta sallama masa ɗaya bayan ɗaya, har aka wayi gari gidan Kabara ya zama cibiyar Ƙadiriyya a Afirka ta Yamma. Saboda tsayuwarsa a kan tafarkin Mujaddadi, ana yi masa laƙabi da Sarkin Yaƙin Shehu Usmanu.

YADDA YA FITO DA ZIKIRI FILI

Babban aikin Malam, a ganina, shi ne ya ɗauko zikiri daga lungun zaure ya shimfiɗa shi a fili, inda talaka da yaro da wanda bai yi zurfin karatu ba za su iya samun rabonsu. Ya tsara abin hawa-hawa. Akwai wuridi, wanda muridi ke yi shi kaɗai bayan salloli, na istigfari da salatin Annabi (SAW) da hailala, kowanne da adadinsa. Akwai mi'adi, wato zaman da 'yan'uwa ke haɗuwa a masallaci ko zawiya a rana sananniya, su yi zikiri tare. A cikin irin wannan zama ne ake yin amfasu, inda ake tsayawa sahu-sahu ana ambaton sunan Allah tare da fitar numfashi da shigarsa, jiki na rausaya. Bandiri kuma shi ke riƙe wa jama'a ma'auni, don kada wani ya riga wani, ana rera ƙasidun yabon Allah da begen Manzonsa a kai.

Muƙaddamai suka bazu da wannan tsari zuwa ƙauyuka, kuma ta haka ya iso yankinmu. Mutumin da ya yini yana yankan shinkafa a fadamun Tudun Wada, ko yana jan taru a dam ɗin Tiga, ko yana karyar masara a ƙasar Doguwa, da dare sai ya sami wurin da zai je ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da ɗan'uwansa, ba a tambayarsa littafi nawa ya sauke. Da yawa daga nan suka fara jin kunyar jahilcinsu, suka koma gaban malami suna ɗaukar Ahalari da Ishmawi da furfurarsu.

A farkon shekarun 1950 ne kuma Malam ya kafa Maukibi, wato jerin gwanon da ake yi kowace shekara cikin watan Rabi'us Sani don tunawa da Shehu Abdulƙadir. Ana tasowa daga Kabara, a ratsa birni da tutoci da bandirai, a je ziyara maƙabartar Mai Giginya inda bayin Allah da dama na Kano suke kwance.

Ni sau ɗaya na taɓa ganin Malam ido da ido, kuma a Maukibi ne. Muna aji uku, hutu ya faɗo daidai da lokacin, kawuna ya ɗauke ni muka hau mota a Kwanar Ɗangora tun da asuba. Ban taɓa ganin taro irin wannan ba. Ƙura ta tashi, rana ta take, ga dubban mutane baki ɗaya suna hailala har ina jin abin yana bugawa a ƙirjina. Daga nesa na hango shi cikin rawani, jama'a sun kewaye shi. Ban ji ko kalma ɗaya daga bakinsa ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kawuna, mutum mai zafin rai wanda duk gidanmu ake shakka, na waiga na ga hawaye na bin gemunsa, bai ma san ina kallonsa ba. A hanyar komawa gida bai yi wa yaron mota faɗa a kan canji ba, abin da ban taɓa gani ba.

ABIN DA ZIKIRI KE YI WA ZUCIYA

Malaman sufaye, tun daga irin su Imam Gazali wanda ya rasu a 1111, suna kwatanta zuciya da madubin ƙarfe. Zunubi da gafala su ne tsatsar da ke hawansa, ambaton Allah kuma shi ne abin gugar da ke kankare ta. Suna karantar da cewa zikiri daga harshe yake farawa, mutum na faɗa hankalinsa na kasuwa. In ya daure bai fasa ba, sai zuciya ta fara halarta. In ta halarta, sai abin ya sauka a gaɓoɓi, ido ya kau da kai daga haram, hannu ya ji nauyin taɓa abin da ba nasa ba. Suna kuma kasa ran ɗan Adam mataki-mataki, daga rai mai umurni da mummunan aiki, zuwa rai mai zargin kansa in ya yi kuskure, zuwa rai mai natsuwa. Asalin wannan magana kuwa tana cikin Alƙur'ani, domin aya ta 28 a Suratur Ra'adi ta ɗaure natsuwar zukata da ambaton Allah.

A wajen amfasu akan ga wani ya fashe da kuka, wani jikinsa na rawa, wani ma ya fita hayyacinsa, abin da ake kira jazabu. Malaminmu na Arabiyya yakan gargaɗe mu cewa kada mu ɗauki wannan a matsayin ma'auni. Ma'aunin, a cewarsa, yana wajen mudun mai awo ranar kasuwa, da bakin mutum in an ɓata masa rai, da yadda yake zaune da iyalinsa. Yanzu da muka girma, wasunmu na riƙe da fayil ɗin jama'a a ofis, wasu na riƙe da alli, wasu na riƙe da sikeli, na gane cewa gaskiya ya faɗa. Wanda ya kwana yana ambaton Allah, in har ambaton ya shiga, da wuya ya wayi gari ya danne haƙƙin maraya.

Zan faɗi abin da ya same ni, ko da yake ba na son yawan tuna shi. Bayan mun gama makaranta na shiga aiki, na yi sakaci da duk wani wuridi, salla ma sai a gurguje. Shekarun baya Allah Ya karɓi ran babban ɗana bayan gajeruwar rashin lafiya. Na yi wata biyu barci ba ya zuwa mini sai na ɓarawo. In na kwanta sai tunani ya taso, da na kai shi asibiti da wuri, da na yi kaza, da ban yi kaza ba. Har na fara jin wani abu a zuciyata game da hukuncin Ubangiji wanda nake neman tsari da shi. Wata rana cikin dare na ɗauko carbin mahaifina, na zauna a kan buzu na fara istigfari, ba don ina jin daɗinsa ba, sai don ban san abin da zan yi ba. Daren farko harshe ne kawai ke motsi. Na ci gaba, kullum bayan isha'i da kafin asuba. Baƙin ciki bai tafi ba, har yau yana nan. Amma wajen mako na uku sai na lura tunanin nan na da-na-sani ya rage ƙarfi, na iya ambaton sunan yaron ba tare da ƙirjina ya toshe ba, na iya rarrashin mahaifiyarsa maimakon in guje ta. A nan ne na fahimci abin da kawuna yake yi wa kuka a Maukibi.

SAƁANIN DA YA BIYO BAYA

Ba zan rufe wannan tarihi in yi kamar kowa ya yarda da tafarkin Malam ba, alhali mu kanmu shaida ne. A 1972 Shehu Abubakar Mahmud Gumi ya fitar da littafinsa Al-Aƙidatus Sahiha, inda ya soki ɗariƙun sufaye, Malam Nasiru kuma yana cikin malaman Kano da suka rubuta masa raddi. A 1978 aka kafa ƙungiyar Izala a Jos ƙarƙashin Shehu Isma'ila Idris. Masu suka suna ganin bandiri a masallaci da amfasu da jerin gwano ba su da asali a Sunna. Malam da almajiransa kuma suna kafa hujja da cewa an buga irin wannan ganga mai fuska ɗaya a gaban Annabi (SAW) bai hana ba, kuma taruwa don ambaton Allah abu ne da hadisai suka yaba.

Wannan muhawara ta shigo har cikin ɗakunan kwananmu. 'Yan ajinmu za su tuna yadda musu kan kaure bayan sallar isha'i, har wani ya ƙi bin wani salla. A garuruwanmu an raba masallatai, an fasa aure, wa da ƙane sun daina gaisawa. Ni kaina na yi shekaru ba ma magana da wani abokina na ƙut-da-ƙut, wanda muka raba kwano ɗaya shekara biyar, saboda wata magana da ya faɗa a kan bandiri, ni kuma na mayar masa da wadda ta fi ta zafi.

Ranar sadakar uku ta ɗana sai ga shi ya zo tun daga nesa. Bai canza ra'ayinsa ba, ni ma ban canza nawa ba. Ya kwana a wajena, da asuba bayan mun idar da salla ya zauna yana azkar ɗinsa na safe yana ƙirgawa da yatsu, ni kuma ina gefe da carbi. Da na kasa kunne sai na ji istigfarin da yake yi shi nake yi, hailalar da yake yi ita nake yi. Mun yi shekara da shekaru muna gaba a kan yadda za a yi zikiri, alhali a lokacin ni ko yin sa ba na yi. Har gobe muna taɓa musu in mun haɗu a taron shekara, amma yanzu da dariya muke tashi.

RASUWARSA

Allah Ya yi wa Malam Nasiru Kabara rasuwa a Kano a watan Oktoba na 1996. Ɗansa Shehu Ƙaribullah ne ya gaje shi a shugabancin Ƙadiriyya, kuma ana ci gaba da Maukibi kowace shekara. Ya bar littattafai da makarantu da almajirai a ciki da wajen Nijeriya. A yankinmu kuwa ya bar wannan sauti da ke tashi daga masallatan ƙauye a daren Juma'a.

'Yan'uwa, yawancinmu yanzu furfura ta fito, kuma duk shekara in an karanta sunayen waɗanda muka rasa sai jerin ya ƙara tsawo. Ba ina kiran kowa ya shiga wata ɗariƙa ko ya fita daga wata ƙungiya ba ne, kowa ya san malaminsa. Roƙona shi ne kowannenmu ya ware wa kansa wani lokaci a yini, ko da minti goma ne bayan asuba, ya zauna ya ambaci Ubangijinsa ta hanyar da ya gamsu da ita, kuma ya lazimce shi tun yana da lafiya, kada ya jira sai irin daren da ya same ni. Mu kuma koya wa 'ya'yanmu, yadda aka bar mu muka ji tun muna kan gadon makaranta.

Allah Ya jiƙan Malam Nasiru Kabara, Ya gafarta masa, Ya haskaka kabarinsa. Allah Ya jiƙan sauran malamanmu na kowane ɓangare, da iyayenmu, da abokan karatunmu da suka rasu. Malamanmu da ke raye, Allah Ya ƙara muku lafiya, Ya saka muku da alheri. Mu kuma Allah Ya sa mu cika da kalmar shahada, amin.